Tsirkiyoyin da Na Datse wa Surukina

Daga Allah muke, kuma can za a tara mu. Surukina, mahaifin matata, ya rasu wata Talata da hantsi a ɗakinsa a Filinge, bayan an gama kai hatsi rumbu. Allah ya jiƙansa, ya sa kwanciyar hutawa ce.

Kwana uku muka yi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, har bakina ya gaji da cewa "da godiya". Mutanen Tabla, inda aka binne cibiyarsa, suka zo a amalanke biyu, suka ce manomi ne, ciyawa ba ta taɓa cin ƙarfin gonarsa ba. Masu hatsi na kasuwar Baleyara suka ce bai taɓa cakuɗa tsohon hatsi da sabo ya ce duka na bana ne ba. Liman ya ce sahun gaba ya yi rashi. Duk gaskiya suka faɗa, ban musa ko ɗaya ba. Amma mutumin nan ya yi shekara fiye da arba'in yana kaɗa gitar bas, kuma a kwana ukun nan kowa ya bi ta gefen maganar kamar mai tsallake kwata. Tun kafin a yi masa wanka ƙanensa ya ɗauke gitar daga gefen shimfiɗarsa ya tura ta ƙarƙashin gado, kada baƙi su gani.

Mutum ɗaya ne ya ɓata musu shiri. A rana ta biyu wani dogon bawan Allah mai rawani ya sauka daga motar Abala, cikin 'yan gudun hijirar Mali da suka zauna can. Hausarsa a karye take, amma mun gane. Ya ce shekarar da suka iso ba su da komai, shi kuma makaɗin gitar ne. Ya ji labarin wani tsoho a Filinge mai ampili, akwatin nan mai ƙara wa gitar murya, ya zo ya roƙi aro na kwana biyu don wani biki. Tsohon ya ɗora masa ampilin a ka, ya ce ya kawo in ya gama da shi, ko sunansa bai tambaya ba. Sai bayan damina biyu ya maido. Yana gama faɗa ya share ido da bakin rawani. Ƙanen marigayi ya yi gyaran murya ya ce a shafa fatiha. Aka shafa, aka koma maganar hatsi.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake a gajiye nake. Ba na so a binne rabin mutum a ce an binne shi duka. Kuma akwai abin da na yi masa, na daɗe ina neman yadda zan ce ya yafe mini, gara in faɗe shi da bakina.

Ni mushen lakkol ne, wato malamin makarantar boko. Shekara ashirin da auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa shiga gidansa da takalmi ba. Haka ake surukuta a ƙasarmu ta Kurfai. In na zo sai in durƙusa nesa da tabarmarsa, idona a ƙasa, in ce, "Baba, ina wuni." Ya ce, "Mushe, an zo lahiya?" Mu tambayi gona, mu tambayi yara, magana ta ƙare. In yana da abin da yake so in sani, sai ya gaya wa Inna, matarsa, Inna ta gaya wa 'yarta, 'yarta ta gaya mini a gida. Nawa saƙon ma haka yake tafiya. Ba gaba ba ce, girmamawa ce, haka muka taras ana yi.

Bas ita ce gitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta take ƙasa, ka fi jin ta a ƙirji fiye da kunne. Baba ya same ta tun yana saurayi, zamanin da garin nan yake da orkes, wato ƙungiyar makaɗan zamani, ana kwasar su a mota zuwa bukukuwa har Yamai. Orkes ɗin ya mutu a hankali. Mawaƙinsu ya rasu, mai gitar solo, wadda muryarta take gaba a kiɗa, ya tafi cirani bai dawo ba, masu biki suka koma sa kiɗa a lasifika. Aka bar su su biyu, shi da abokinsa mai ganga. Shi dai bai daina ba. Kullum bayan la'asar sai ya fito da ita gindin itacen bedin gidansa, ba wuta ba ampili, ya jingina kan gitar da ƙyauren katako don ƙyauren ya ɗauki amo, ya yi ta kaɗa wa kansa har a kira magariba.

Ba shi da yawan magana, amma in ya yi ba ta faɗuwa ƙasa. Yakan ce, "Bas ba a jin ta sai ranar da ta yi shiru." In mutum ya cika surutu a zaman jama'a, sai ya ce masa, "Kai, solo ya isa, bar ma wani wuri." Faɗa ɗaya na san ya yi, da ƙanen nan nasa. Shekarar da ƙanen ya dawo daga hajji ya same shi ya ce, "Yaya, kai ya yi hwari, ga jikoki. A sai da abin ga a sayi tunkiya." Baba ya ce, "Tunkiya nawa ka saya ka yanka tun da na samu wagga? Ita ga ta nan." Wata huɗu suna salla a sahu ɗaya ba sa gaisawa, sai da yayarsu ta taso daga Tabla ta zage su tas su duka biyu.

To, ga laifina. Wata shekara aka kira mu Yamai horon malamai. Ina yawo a kasuwa na ga butikin kayan kiɗa, sai na tuna tsirkiyoyin Baba. Na daɗe ina satar kallon su daga inda nake durƙusawa. Sun yi duhu, sun yi dauɗa, ba ƙyalli ko kaɗan. A raina na ce rashin mai kula ne. Na shiga na ce a ba ni tsirkiyar bas mai kyau. Mai butiki ya miƙo fakiti, na ga suna walƙiya, na saya na fito ina jin kaina wani ɗa nagari.

Da na ba matata ta ba Inna ta ba shi, da ya sa albarka ya ajiye fakitin a akwati, da ba abin da ya faru. Amma karambanin ɗan boko ya hau kaina, na ce sai na yi masa ba-zata. Na bari sai ranar da ya tafi gona, na shiga na ce wa Inna ta fito mini da gitar.

Ta ce, "Mushe, ba a taɓa mishi ita hwa."

Na ce gyara zan yi, zai ji daɗi.

Tsofaffin suka ƙi kwancewa da sauri, ni kuma ina tsoron ya dawo ya same ni. Na aro abin yanke waya wurin mai gyaran babur, na datse su duka huɗu, kowace gida biyu. Na ɗaura sababbin yadda mai butiki ya nuna mini. Guntayen na watsar a bayan ɗaki. Inna, da ba ta yar da komai, ta tsince su ta ɗaure ƙofar akurkin kajinta da su.

Washegari na zo gaisuwa na same shi zaune da gitar a cinya, ya riga ya saita ta.

Ya ce, "Mushe, an ce kai ka yi wanga aiki."

Na ce, "Ba komai ba ne, Baba."

Ya dubi tsirkiyoyin. Sannan ya ce, "Allah shi yi albarka. Allah shi ba ka masu yi maka." Ya ɗan kaɗa mini. Na ji muryar ta yi kaifi kamar an buga kwano, kuma duk ya ja yatsa a kan tsirkiya sai ta yi ƙii. Ni na ɗauka haka sabon abu yake. Na koma gida na ce wa matata yau na faranta wa tsohonta rai.

Shekara uku ina cikin wannan duhu. Duk ranar da na je gidan nakan same shi da gitar a cinya, ya kaɗa kaɗan in na gama gaisuwa. Har alfahari na yi da abin a gaban malamai 'yan'uwana.

Abokinsa mai ganga ne ya farkar da ni. Shi ba surukina ba ne, ba kunya tsakaninmu, kuma bakinsa ba shi da linzami. Wata ranar kasuwa na wuce rumfar mai goro inda yake zama, ya kira ni.

"Mushe, zo nan. Shekara uku ina haɗiyar magana, yau ta ƙi wucewa. Ka san mi ka datse?"

Na ce tsohuwar waya.

"Tsohuwar waya," in ji shi. "Kai da ka yi lakkol."

Ya kama yatsana ya ja shi a kan tabarmar da yake zaune. Ya ce irin da na sayo ke nan, mai kaushi, wayar da aka naɗe ta da ita zagayayya ce, tana cin yatsa tana cin ƙarafan wuyan gitar. Sannan ya ja yatsan a kan sandarsa da hannu ya goge ta ta yi sumul. Ya ce irin na Baba ke nan, mai santsi, da shimfiɗaɗɗen ƙarfe aka naɗe ta. Ba ta ƙyalli, ba ta kuka in an ja hannu, muryarta gajera ce mai nauyi, ta ce dum ta tsaya ta bar wa ganga wuri. Kuma irin wannan ba a canza ta. Gumi da man kaɗen da mutum yake shafa wa hannu suna shiga cikinta, tana tsufa tana ƙara daɗi.

"Sai ta shekara biyar kahin ta nuna," ya ce. "Waɗanda ka datse sun haura ashirin."

Na ce, "Amma ai yana kaɗawa. Kullum na je..."

"In ka je. In anka ce ga Mushe nan tahe, sai shi ce a miƙo mishi ita. Kana hita shi rataye. Ka taɓa duba yatsunshi?"

Ban taɓa ba. Yaya zan duba, ni da idona yake ƙasa? Ya ce hannun Baba hauya ta riga ta tsattsage shi, ga ciwon suga da ya sa rauni ba ya saurin warkewa. Kiɗan minti goma a kan tawa tsirkiya, sai ya yi sati yana jinyar yatsa. Zaman la'asar ɗin nan na gindin bedi ya mutu tun ranar da na yi gyarana.

Na ce, "Me ya hana ya faɗa?"

"Shi hwaɗa ma wa? Shi ce ma Inna ta ce ma ɗiyarta ta ce maka kyautarka ta cuce shi? Kai kana iya aika irin wanga saƙo?"

Na juya na bar rumfar. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na ji haushin kaina, kuma gaskiya har shi Baban na ji haushinsa. Da na gaya wa matata sai ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ta ce ita ta ɗauka tsufa ne ya raba shi da kiɗan. Ranar da na sake zuwa gidan na dubi akurkin Inna. Guntayen suna nan a ƙofar, daidai inda Baba yake alwala.

Daga nan na shiga neman mai santsi. Na yi tsammanin abu ne na shiga butiki a fito. Butiki uku na shiga a Yamai. Na farko bai san da irinta ba. Na biyu ya ce kayan tsofaffi ne, ba mai tambaya, ba ya kawowa. Na uku ya miƙo mini irin fakitin da na saya da fari, ya rantse duk ɗaya ne. Na kusa zagin sa, sai na tuna ni ma da haka na ɗauka.

Wani malami da muke aiki tare yana da ƙanwa a Faransa, ita ta yarda ta duba mana. Ta je shago ta kira ni a salula, mai shagon yana ta jero mata tambaya. Wuyan gitar dogo ne ko gajere? Mai kauri ake so ko siririya? Ni ban sani ba, kuma wanda ya sani ba na iya tambayar sa. Ranar Juma'a, da Baba ya tafi masallaci, matata ta shiga ɗakinsa da awon tela ta auna daga gindin tsirkiya zuwa ƙarshen wuya. Ashe gitar Baba cikin masu gajeren wuya take. Mai shagon ya ce da an sayi doguwa, da wurin kaurin ne zai naɗe a kan maɗauri, kuma mai santsi ba ta son lanƙwasa, karyewa take yi. Maganar kauri kuwa na koma wurin mai ganga. Ya ce mai santsi tana jan wuya da ƙarfi, wuyan gitar ya tsufa, hannun mai ita ma ya tsufa, a ɗauki mafi siranta. Ya ƙara da cewa, "Ka ga, da ka yi tambaya ɗaya tun ranar." Na ce na ji.

Wata bakwai kayan nan suka yi a hanya. Suka jira mai zuwa Yamai, suka iso suka kwanta a jakar wani da ya wuce garinsu, sannan suka jira mota, ga hanyarmu ba tsaro kamar da. Cikin watannin nan Baba ya fara kumburin ƙafa. Daminar nan bai je gona ba, 'ya'yansa suka yi noman. Ni kuwa ina zuwa ina durƙusawa, yana sa a miƙo masa gitar, yana kaɗa mini a kan mai kaushi. Yanzu na san abin da yake ji a yatsa, kuma ba dama in ce ya bari. Ban san wahalar da ta fi wannan zaman ba.

Da fakitin ya iso ban yi karambani ba. Na ba matata, ta ba Inna, Inna ta ba shi, ba tare da wata magana ba. Kwana biyu shiru. A na uku saƙo ya zo, Baba ya ce in zo.

Na same shi a gindin bedi, ƙafarsa a miƙe a kan matashi. Shi da mai ganga sun ɗaura sababbin. Na durƙusa inda na saba, sai ya nuna mini bakin tabarmarsa. Na yi kamar ban gani ba. Ya ce, "Matso, Mushe." Na matsa na zauna a ɗan gefe, karo na farko a shekara ashirin. Ranar na ga yatsunsa. Kan manuni da na tsakiya duk tabo ne.

Ya ja yatsa daga saman tsirkiya har ƙasa, ba ta ce ƙii ba. Ya jingina kan gitar da ƙyaure ya taɓa mafi kaurin. Na ji ta a ƙirjina.

Ya ce, "Su ne."

Ya sake taɓawa, ya karkata kai yana saurare. "Ɗanyu ne dai tukuna. Sai sun sha gumi damina biyar." Ya yi 'yar dariya, ya dubi ƙafarsa. Ni da shi duk mun san lissafin nan ba zai kai ba.

Nan ne wurin da ya kamata in ce, "Baba, ka yafe mini." Na yi niyyar faɗa. Amma in na faɗa, na ce ke nan na san shekara uku yana yi mini kara, na tsiraita abin da ya sha wuya yana rufewa. Sai na ce, "Allah ya ba da rai, Baba." Ya ce amin. Ya kaɗa har aka kira magariba, ina zaune, sannan na tashi na tafi masallaci.

Wata huɗu ya samu. Maƙwabta suka ce zaman la'asar ya dawo, kullum, ko ranar da bai iya cin abinci ba. Daga baya hannun ya daina ɗagawa, sai ya sa a ajiye masa ita kusa da shi kawai. Na je gaishe shi sau da yawa a lokacin. Kowace rana ina fita daga gida da niyyar yau zan faɗa, ina dawowa da maganata a baki.

Bayan sadakar bakwai matata ta dawo gida da ɗan ƙunshi a tsumma. Ta ajiye mini a gaba ta zauna. Na kwance, sai ga tsirkiyoyin nan masu kaushi da na fara sayowa, an naɗe kowace a zagaye, an goge su da mai.

Ta ce, "Ya ce in ba ka in ya tafi. Ya ce da ransa ba zai iya ba."

Na ce, "Ya ce wani abu?"

Ta ce ya ce, kuma ya sa ta maimaita don kada ta rage. Ga abin da ya ce: "Ki ce ma Mushe, shekara arba'in ina kiɗa cikin gidan ga, daga mai cewa in sayar sai mai kau da kai. Ba wanda ya taɓa duban abin ga ya ce tana bukatar wani abu, sai shi. Bai san iri ba, amma ya duba. Ki ce mishi ba kunya kaɗai ta hana ni cire su ba."

Na rufe tsumman. Na ce, "Sai kuma me?"

"Shi ke nan. Sai ya ce in ba shi ruwa."

Na ce, "Kin gaya masa na ce ya yafe mini?"

Ta dube ni, idonta ya kumbura da kukan kwana bakwai. Ta ce, "Ai ba ka taɓa ba ni wannan saƙon ba."

Gaskiya ta faɗa, ban ba ta ba. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa. Ni kuma da na makara, Allah ya yafe mini.